Shin harsasai da bama-baman da ke ajiye a bariki suna lalacewa, kuma wa ke duba su?

Malamin Sakandare, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon waɗanda Allah ya ba sani a wannan fanni su taimaka mini da bayani, domin maganar ta shafi shawarar da muke gab da yankewa. Ƙungiyar adashen ma'aikata da nake ciki tare da yayana ta samu tayin filaye a wata sabuwar unguwa da ake yankawa a bakin gari, kuma gefe ɗaya na wurin yana fuskantar shingen sojoji. Da yawa daga cikinmu suna ganin wannan maƙwabtaka alheri ce, tunda ɓarayi da masu garkuwa da mutane ba sa son kusantar inda soja yake. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba tun lokacin da aka ji fashe-fashe a barikin Giwa na Maiduguri a ƙarshen watan Afrilun 2025, inda rundunar soja ta bayyana cewa tsananin zafin garin ne ya tayar da wasu makaman da ke ajiye. Bauchi gari ne na sojoji tun da daɗewa, ga Birged ta 33 ta masu igwa a barikin Shadawanka, ga makarantar horar da masu tankokin yaƙi, ga kuma sojin sama, sannan zafin da muke sha a Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40, bai yi wa na Borno nisa ba.

Abin da nake son fahimta shi ne, shin harsashi da bam suna da wa'adin lalacewa, ko kuwa muddin ba a taɓa su ba suna nan yadda aka ƙera su? Idan suna lalacewa, wane ne aikinsa ya duba su, kuma me yake dubawa? Ba sirrin soja nake nema ba, ilimin da farar hula ya kamata ya samu kafin ya zuba gumin shekaru a ginin da 'ya'yansa za su kwana a ciki nake nema. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Soja, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi aiki a sashen kula da kayan yaƙi na rundunar sojan ƙasa har na yi ritaya, kuma ba zan ce komai a kan abin da ke cikin wani bariki ba, domin rantsuwar aiki ba ta ƙarewa da ritaya. Abin da zan faɗa sananne ne, yana cikin ƙa'idojin kula da harsasai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara wallafawa a 2011, kuma kowa yana iya karanta su.

Amsar tambayarka ta farko ita ce e, suna lalacewa. Tushen duk aikin dubawa kuwa abu ɗaya ne, wato lambar zubi. Duk harsasan da aka ƙera a masana'anta ɗaya, da kayan haɗi iri ɗaya, a lokaci ɗaya, ana ba su lamba guda, a buga ta a jikin akwati, a manyan harsasan igwa kuma a rubuta ta a jikin ƙarfen kansa. Ko daga masana'antar DICON ta Kaduna mai ƙera makamai aka kawo su, wadda aka kafa tun 1964, ko daga ƙasar waje, ba a karɓar zubi sai an ɗebi samfur daga cikinsa an harba, an auna gudun harsashi da ƙarfin matsin da yake haifarwa a cikin bindiga, an kuma ga ko ruwa yana shigarsa. Idan waɗanda suka gaza sun wuce adadin da aka yarda da shi, zubin gaba ɗaya ake mayarwa. Amfanin wannan lamba yana ƙara fitowa bayan shekaru, domin idan bindiga ta tsage a hannun soja a wani wuri, ko harsashi ya ƙi tashi, abin farko da ake tambaya shi ne lambar zubinsa, sai a aika saƙo ga dukkan rundunoni cewa a dakatar da wannan lamba duk inda take har sai an gama bincike. Harsashin da lambarsa ta ɓace ya zama wanda ba a san asalinsa ba, kuma mai duba na ƙwarai ba ya sa hannu a kansa.

Ana dubawa lokacin karɓa, ana dubawa lokaci-lokaci a cikin ma'ajiya, ana dubawa kafin a bayar, amma wanda ya fi ba mu wahala shi ne duban kayan da aka dawo da su daga fagen fama. Waɗannan sun sha rana a bayan mota, sun sha ruwan damina, an buɗe akwatunansu an cakuɗa wannan zubi da wancan. Sai ka shimfiɗa tamfol a inuwa nesa da ma'ajiya, ka fara da akwatin kafin abin da ke ciki: hatimin yana nan ko an karya, robar bakin murfin ta bushe ta tsattsage ko tana da rai, gara ta ci katakon daga ƙasa ko ba ta ci ba. Gara babbar abokiyar gaba ce a ƙasarmu, domin takan cinye gindin akwati ta bar samansa lafiya lau, ranar da aka zo ɗagawa sai kaya su zube. Daga nan ka ɗauki harsasan ɗaya bayan ɗaya kana juyawa a hannu. Koren tabo a jikin kwanson tagulla alamar danshi ne, kuma idan ka goge shi da ƙyalle ka tarar ya ci ƙarfen ya yi rami, wannan ya fita daga sahu. Akwai kuma siririyar tsaga da ke fitowa a wuyan kwanso, wadda sai ka karkata shi ga haske kake ganinta. Sojojin Ingila ne suka fara lura da ita a Indiya, inda harsasan da suka ajiye a bargar dawaki lokacin damina suka riƙa tsagewa, daga baya aka gano tururin fitsarin dawakin ne ke cin tagullar. 

A manyan harsasan igwa da bama-bamai, abin da ya fi tayar wa mai duba hankali shi ne ya ga wani maiƙo yana tsattsafowa ta bakin da ake ɗaura kan bam, wato abin da ke tayar da shi. Wannan maiƙon daga abin fashewar da ke ciki yake fitowa idan zafi ya daɗe yana dukansa, kuma idan ya shiga zaren murɗi, murɗa kan bam ɗin kaɗai yana iya zama ajalin mutum. Wanda aka gani haka ba a gwada gyara shi a wurin, keɓe shi ake yi. Bayan dubawa, kowane zubi yana samun matsayi a rubuce: wanda ya dace da yaƙi, wanda sai dai a ƙarar da shi wurin atisaye, wanda ke jiran gyara, da wanda za a lalata.

Sauran aikin na ginin ne da kewayensa. Kowane akwati yana ɗauke da alama ruwan lemo mai lamba: 1.1 na nufin idan ɗaya ya tashi duka za su tashi lokaci guda, 1.2 na nufin zai yi ta watsa ɓaraguzan ƙarfe, 1.3 gobara ce mai tsanani, 1.4 kuma haɗarinsa kaɗan ne, kamar yawancin harsasan ƙananan bindigogi. Ba a haɗa abubuwan tayar da nakiya da ita nakiyar a ɗaki ɗaya. Ana jera akwatuna a kan katako, ba a ƙasa ba, a bar rata tsakaninsu da bango domin iska ta zagaya, a rataye ma'aunin zafi da na danshi, a kuma rubuta abin da suka nuna kullum. Ashana da sigari da wayar salula a bakin ƙofa ake barinsu, ko da mai shiga janar ne. Ana nome ciyawar kewaye kafin ta bushe, ana kuma gwada ƙarfen kare tsawa kafin ruwan farko ya sauka. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin tsawa ce ta faɗa wa ma'ajiyar sojin ruwan Amurka da ke Lake Denmark a jihar New Jersey a watan Yulin 1926, kuma ɓarnar da ta biyo baya ce ta sa ƙasar ta kafa hukumar sa ido kan ajiyar abubuwan fashewa a 1928.

Malamar Kimiyyar Sinadarai, Bauchi

Baba ya yi bayanin abin da ido ke gani, Allah ya ƙara masa lafiya. Ina so in ƙara bayani a kan abin da ido ba ya gani, domin a nan maganar zafi take, kuma ita ce ta dami Malam.

Albarushin da ke tura harsashin zamani ba irin baƙin albarushin da mafarauta ke ɗura wa bindigar toka ba ne. Wancan idan bai jiƙe ba yana iya yin shekaru masu yawa bai canja ba. Na zamani kuwa ginshiƙinsa wani sinadari ne da ake kira naitiroselulos, kuma halinsa shi ne tun ranar da aka haɗa shi yake fara ruɓewa a hankali, yana fitar da wata iska mai tsami. Matsalar ita ce wannan iskar tana komawa ta ci sauran albarushin, ruɓewar ta ƙara sauri, zafi ya taru a ciki, zafin kuma ya sake ƙara mata sauri. Wanda ya taɓa cusa hannu cikin tarin harawar da aka tara ba ta gama bushewa ba, ya ji yadda cikinta ya ɗauki zafi alhali babu wuta a kusa, ya san irin abin da nake nufi. Idan ba a tare shi ba, ƙarshensa albarushin ya kama wuta da kansa, ba tare da ashana ko hannun maƙiyi ba.

Maganin da masu ƙerawa suka samo shi ne su zuba wani sinadari kaɗan a ciki, irin su difenilamin, wanda aikinsa ya riƙa shanye wannan iskar kafin ta yi ɓarna. Sai dai shi ma ƙarewa yake yi, kuma zafi ne ke ƙayyade saurin ƙarewarsa. Ƙiyasin da masu wannan aiki ke bi shi ne, da zarar an wuce digiri 30, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar kusan sau biyu. Ke nan albarushin da ke zaune a digiri 50 yana tsufa wajen sau huɗu fiye da wanda ke digiri 30, kuma duk wanda ya taɓa buɗe kwantenar ƙarfe da rana tsaka a watan Afrilu a Bauchi ya san cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Shi ya sa shekarar ƙira kaɗai ba ta isa ta nuna lafiyar albarushi ba, sai an san inda ya zauna da irin zafin da ya sha.

Ya kamata in bambance abu ɗaya don kada tsoro ya yi yawa. Ƙaramin harsashin bindiga albarushinsa kaɗan ne, zafin da ke taruwa a ciki yana fita ta jikin kwanso, don haka idan ya tsufa yawanci ƙin tashi yake yi ko ya rage ƙarfi. Haɗarin kama wuta da kai ya fi yawa a inda albarushi yake da yawa wuri guda, kamar jakunkunan da ake tura harsashin igwa da su. Faransa ta koyi wannan darasi da tsada, domin jirgin yaƙinta Iéna ya tarwatse a tashar Toulon a 1907, sannan Liberté ya bi shi a wannan tashar a 1911, duka saboda albarushin da ya ruɓe a cikinsu, kuma ɗaruruwan mutane suka mutu a haɗuran biyu. A kusa-kusan nan kuma, a watan Yulin 2011, kwantena 98 na abubuwan fashewa da aka jibge a fili a wani sansanin sojin ruwa na tsibirin Sayifurus, suka shafe fiye da shekara biyu suna shan rana, sun fashe sun kashe mutum 13, suka kuma rusa babbar tashar lantarkin ƙasar da ke kusa. Kafin ranar an ga wasu kwantenonin sun kumbura.

Ba a gane ragowar wannan sinadari da ido, sai an ɗebi samfur an kai ɗakin gwaje-gwaje. A tsarin sojin Amurka, idan ragowarsa ta kai kashi 0.30 cikin ɗari ana ci gaba da ajiya, idan ta sauka ƙasa da kashi 0.20 dole a lalata zubin cikin kwana 60. Idan har mai duba ya buɗe gwangwanin albarushi ya ji wari mai hawa kai, ko ya ga jan tabo a cikin murfin, to an riga an makara da gwaji. A ganina, zafi ba baƙo ba ne a Arewa, kowa ya san watannin da yake zuwa, don haka ƙasa mai yanayi irin namu tana bukatar gwaji akai-akai fiye da ƙasashen da suka sayar mana da kayan, kuma jadawalin da aka tsara wa ma'ajiyar da ke Turai bai kamata a ɗauko shi haka nan a ɗora wa ta Bauchi ko Gombe ba.

Malamin Sakandare, Bauchi

Na gode Baba, na gode Malama, Allah ya ƙara basira. Na fahimci cewa lafiyar kayan tana hannun masu duba su, wanda mu farar hula ba mu da ikon gani. To idan aka ƙaddara abin ya faru duk da haka, akwai tazarar da aka sani wadda ya kamata a bari tsakanin ma'ajiya da gidajen mutane, ko kowace runduna da yadda take yi?

Mai Awon Ƙasa, Bauchi

Akwai tazara, Malam, kuma lissafi ne da ita, ba ra'ayin wani ba. Ana ɗaukar nauyin abin fashewar zalla da kilo, ban da akwati da ƙarfe, a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta, aka sake ninkawa da ita, za ta ba da wannan nauyi, sannan a ninka ta da 22.2, abin da ya fito shi ne mitocin da za a bari kafin gidan zama na farko. Idan ɗaki yana ɗauke da kilo 8,000 na kayan da ke tashi lokaci guda, lambar ita ce 20, tazarar kuwa mita 444. Idan kilo 64,000 ne, lambar 40 ce, tazarar mita 888. Ga gine-gine masu rauni, irin dogayen benaye masu yawan gilashi da wuraren da jama'a ke cika, ana ninka tazarar sau biyu. A taswirar da ake zana wa ma'ajiya, iyaka ta farko layin rawaya ce, ta biyu kuma layin shunayya, kuma abin da ya kamata shi ne hukumar tsara birane ta riƙe kwafin wannan taswira, duk wanda ya nemi izinin gini a cikin layukan a tuntuɓi sojoji kafin a sa hannu.

Inda gizo ke saƙa shi ne barikoki da yawa an gina su ne a bayan gari, garin ya girma ya zo ya kewaye su. Filin da aka bari fayau da gangan sai dillalai su riƙa kallonsa a matsayin filin da ba shi da mai shi. Barikin Ikeja a Legas haka ya kasance, tsakiyar unguwanni, lokacin da ma'ajiyarsa ta kama wuta ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, aka rasa mutum fiye da 1,000. Abin da ya fi ban tausayi shi ne mafi yawansu ba bam ne ya same su ba, gudun tsira suke yi ba su san inda za su nufa ba, suka faɗa magudanar ruwan Oke-Afa da ciyayi suka rufe samanta, suka nutse, da yawansu yara. A Barazabil, babban birnin Jamhuriyar Kwango, ranar 4 ga Maris 2012, ma'ajiyar unguwar Mpila ta kashe fiye da mutum 250, ƙarfinta har ya farfasa tagogi a Kinshasa da ke tsallaken kogi. A birnin Bata na ƙasar Ikwatoriyal Gini, ranar 7 ga Maris 2021, mutum 107 suka mutu, kuma shugaban ƙasar ya ce wutar da manoma suka sa wa gonakinsu a kusa ce ta isa inda aka ajiye nakiyoyi ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai, mu da muke cinna wa daji wuta duk rani don share gona ko farautar gafiya. Maƙwabciyarmu Chadi ma ta ga nata a Njamena a watan Yunin 2024.

Shawarata gare ka ita ce kada ku dogara da bakin dillali. Ba kowane shingen soja ne ke da ma'ajiya a bayansa ba, wani filin atisaye ne, wani gidajen iyali ne, kuma ba aikinku ba ne ku je kuna leƙe ko ɗaukar hoto ko aune-aune a jikin shinge, wannan zai jawo muku wata fitinar dabam. Ku je hukumar tsara birane ta jiha ku nemi a nuna muku cewa an amince da taswirar unguwar. Sannan ƙungiyarku ta rubuta takarda ta hannun mai unguwa da hakimi zuwa ga kwamandan wurin, kuna tambaya ɗaya tak, wato ko rundunar tana da ƙorafi a kan gina gidajen zama a wannan fili. Ba sai sun faɗa muku abin da ke ciki ba kafin su amsa wannan. Idan amsa ta zo a rubuce ku adana ta, idan aka ce filin yana cikin wanda aka keɓe, ku haƙura da shi komai arharsa.

Mai Fasa Dutse, Gombe

Ranku ya daɗe, ku yi mini izini in ce ba bariki kaɗai ne wurin da ya kamata a sa wa ido ba. Mu da muke aikin fasa dutse muna riƙe da nakiya a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa ta 1964, ba a saya ko a ajiye sai da lasisi daga ma'aikatar ma'adinai, ba a ɗauko ta sai da rakiyar 'yan sanda, kuma abin da aka fitar da safe da abin da aka yi aiki da shi da abin da aka mayar da yamma dole lissafinsu ya daidaita a littafi. Nakiya ma tana tsufa. Idan ta daɗe a zafi takan yi gumi, ka ga takardar da aka naɗe ta ta yi maiƙo, kwalin ya jiƙe daga ƙasa, warin kuma yana sa ciwon kai mai tsanani. Wadda ta kai haka ko motsa ta ba a yi, sai a kira masu kwance bam.

Soja aƙalla yana da shinge da littafi da mai duba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai haƙar ma'adinai ta bayan fage da ke ajiye kwalaye a ɗakin haya a tsakiyar unguwa. Abin da ya faru a Bodija ta Ibadan ranar 16 ga Janairun 2024 ke nan, inda gwamnan jihar ya ce masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne suka tara abubuwan fashewa a gidan zama, gidaje da dama suka rushe, aka rasa rayuka. Ga kuma 'yan gwangwan da ke sayen duk ƙarfen da yara suka tsinto. Ƙarfen da aka tsinta kusa da filin atisaye, ko wanda ya biyo lodin kaya daga inda aka yi faɗa, tsatsarsa ba ta nuna ya mutu, sau da yawa ma ya fi sabo saurin tashi. Wanda ya ga irinsa kada ya taɓa, ya hana yara zuwa wurin, ya sanar da 'yan sanda, suna da sashen da aikinsa ke nan.

Tsohon Soja, Gombe

Ɗan'uwana mai fasa dutse ya faɗi gaskiya. Mai awo ma lissafinsa daidai ne, sai dai ina so in ƙara masa cewa tazarar nan tana aiki ne muddin ba a zuba wa ɗaki fiye da abin da aka rubuta masa ba. Kowace ma'ajiya tana da takardar izini da ke faɗin iyakar nauyin da za ta ɗauka, an lissafa shi daidai da filin da ke kewaye. Idan gidaje suka matso, abin da ƙa'ida ta ce shi ne a rage kayan ko a kwashe su, idan kuma kaya suka ƙaru saboda yaƙi, tsohon layin da ke taswira ya daina kare kowa. Don haka nauyin yana kan ɓangare biyu, ba a kan farar hula kaɗai ba.

A abin da na gani, gano lalataccen harsashi ba shi ne mai wuya ba, rabuwa da shi ne mai wuya. A littafi yana nan a matsayin dukiyar gwamnati mai daraja, lalata shi yana cin kuɗi da motoci da ƙwararru da filin da za a tayar da shi, kuma babu kwamandan da ke son a ce kaya sun ragu a zamaninsa, musamman ana cikin yaƙi. Sai a tura shi wani ɗaki a ce yana jiran umarni, alhali ruɓewar da Malama ta bayyana ba ta jiran umarnin kowa. Cibiyar Small Arms Survey mai bincike kan ƙananan makamai da ke Janeba ta tattara haɗuran fashewar ma'ajiyoyi fiye da 600 a ƙasashe sama da 100 tun daga 1979, kuma tsufan kaya da rashin kyawun ajiya da sakacin ma'aikata suna cikin manyan dalilan da ta lissafa. Shi ya sa nake ganin hikima a tsarin Amurka, inda tun 1920 suke da rukunin ma'aikata farar hula da ba su da wani aiki sai duba lafiyar harsasai, ana horar da su a McAlester ta jihar Oklahoma, ana tura su duk inda sojojinsu suke. Mai duba yana bukatar ya zama mutumin da ƙarin girmansa ba ya hannun wanda yake duba wa kaya, kuma idan ya rubuta a lalata, a ware kuɗin lalatawar a kasafi kamar yadda aka ware na saye.

Akwai abin da nake so duk mai zaune kusa da irin waɗannan wurare ya koya wa iyalinsa. Idan wuta ta kai ga kayan da ke tashi lokaci guda, su kansu 'yan kwana-kwana ƙa'ida ta ce su janye, don haka babu dalilin da zai sa farar hula ya nufi wurin da bokiti ko don kallo. Fashewa ta farko sau da yawa ba ita ce babba ba. A nisanci tagogin gilashi, a fita ta hanyar da ke nesa da hayaƙin, a riƙe hannun yara, kuma tun yanzu iyali su san hanyar da za su bi da inda za su haɗu, su san inda rafi da kwalbati da kududdufi suke a kan hanyar. Bayan an yi shiru ma kada a yi gaggawar komawa, domin irin wannan fashewa tana watsa harsasan da ba su tashi ba a rufin gidaje da gonaki, kuma a Barazabil sai da masu kwance bam suka shafe watanni suna tsince su kafin unguwar ta zaunu.